Waƙar Dutsen Guga

Tun ranar da Baba Mai Jita ya ce zai fitar da sabon albam, Mai Guga ba ta ƙara jin wata hira a shagonta ba sai wannan. Tsohon ya yi shekaru bai saki waƙa ba, har wasu na cewa muryar ta tafi. Kwatsam sai ga shi a rediyo yana cewa wannan karon waƙoƙin reno zai yi, irin waɗanda uwa ke lallashin jariri da su, kowa ya turo masa wadda aka rene shi da ita.

Shi ke nan fa. Mai kawo wanki zancen ke nan, telan da ke maƙwabtaka da ita zancen ke nan. Wannan ya ce Allah ya sa tsohon ya riƙe jitarsa, kada yara su cika masa waƙa da kiɗan na'ura. Wancan ya ce in an gama na iyaye mata a yi na iyaye maza, su ma ai sun sha rashin barci. Ita dai hura gawayinta take, ta ce Allah ya ba su aikin yi.

Abin da ya fi damunta, 'yarta Auta ce shugabar masoyan tsohon a unguwar. Tana aiki a kantin magani a tsallaken titi, kullum da safe ta ajiye jaririnta a shagon uwar ta wuce. Ran nan da rana tsaka sai ga ta a guje, mayafi na ja a ƙasa.

"Umma! Ya zaɓi tawa! Wallahi ya zaɓa!"

"Taki wace? Rufe kanki tukuna."

Auta ta danna waya. Muryar tsohon ta fito, a dishe amma da daɗi, yana gwada waƙar wata tsuntsuwa da ta je kasuwa ta manta takalminta. Mai Guga ta tsaya da dutsen guga a hannu. Ta san waƙar sarai. Ta yayarta ce.

Lokacin da Auta ke jaririya mahaifinta ya rasu, Mai Guga kuwa daga safe har yamma tana kan teburin guga. Yaya kuwa mijinta na da hali, ba ta aikin komai, ita ke ɗaukar yarinyar da yamma tana yi mata rawa a cinya. Goyo, wankin tsumma, zazzaɓin haƙori, duk na Mai Guga ne. Ga shi yau an ce a kawo waƙar uwa, 'yar da ta haifa ta tsallake ta ta kai ta wata.

"Ta yi daɗi," in ji ta. "Miƙo min rigar can."

"Umma, ba ki yi murna ba?"

"Murnar me? Ni na manta takalmi a kasuwa?"

Washegari sai ga Yaya da kanta, tana ƙamshin turare, riƙe da farin mayafi mai aiki a baki. Tsohon ya gayyaci iyayen da aka zaɓi waƙarsu, za a ɗauke su hoto a sa a bangon albam.

"Ƙanwata, a goge min shi da kyau, kin san duniya ce za ta gani," in ji Yaya, ta zauna a kan benci. "Ke ma da kin riƙa ɗan buɗe baki lokacin, da tare za mu tafi. Amma ke ko dariya sai an roƙe ki."

"Da na zauna waƙa, da iska ta ci ta girma."

Mai Guga ta shimfiɗa mayafin, ta yayyafa ruwa. Dutsen ya yi zafi ƙwarai, ta kuma san in ta bar shi wuri ɗaya na ɗan lokaci, hoton ya ƙare. Hannunta ya tsaya. Har ta fara jin ƙamshin zaren da ya ji wuta, sannan ta ɗaga da sauri. Astagfirullah, ta ce a ranta, da girmana da salloli na, a kan waƙar tsuntsu. Allah ya rufa asiri bai ƙone ba.

Ana haka jaririn ya farka a kan tabarma ya tsala ihu. Auta, da ta shigo cin abincin rana, ta jijjiga shi, ya ƙi.

"Kawo shi nan," in ji Yaya. "Yau za ku ga aikin waƙa."

Ta ɗora shi a cinya ta fara tsuntsuwarta, har da tafi. Yaro ya sandare ya ƙara murya. Ta maimaita, ya yi ja kamar zai shiɗe. Tela ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, wannan dai ba zai sayi albam ɗin ba."

Mai Guga ta ajiye dutse ta karɓe shi. "Zo nan, maigidana, rabu da su, ba su san hannunka ba." Ta goya shi, ta ɗaure zani tam, ta koma kan aikinta, ta jawo wata riga. Dutse ya sauka tim, ta ja, ta ɗaga, ya sake sauka. Ba ta kai hannun riga na biyu ba yaro ya yi laƙwas.

Da ta juyo sai ta ga Auta ta miƙo waya kusa da kafaɗarta, idonta cike da hawaye.

"Me kike ɗauka? Ban son iyayi."

"Umma, saurara."

Daga wayar aka ji tim ɗin dutse, a ƙarƙashinsa kuma wata murya na gunguni a hanci, tana hawa tana sauka daidai da hannun mai guga, can a ƙarshe ta faɗa salati.

"Wace ce wannan?"

"Ke ce mana. Kullum haka kike yi in kina da goyo. Ita na so in tura masa tun farko, na yi ta gwadawa ta ƙi fitowa, don ba ta da kalmomi. A bayanki nake jin ta, ta ƙirjina take shiga."

Mai Guga ta ƙara gawayi a dutse ko da yake bai buƙata ba. Yaya ta gyara zama ta ce, "To wannan ai ba waƙa ba ce, nishin gajiya ne."

"Shi ya sa shi barci dai," in ji tela daga taga.

"In tura masa, Umma?"

"Ni da muryata a rediyo, maza na ji? Allah ya kiyaye." Ta ninke farin mayafin tsaf, ta ɗora wa yayarta a cinya. Har Auta ta mayar da waya jaka, sai uwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Shi zai rera, ko? Ba ni ba?"

"Shi ne."

"To tura. Amma ki gaya wa tsohon nan, in zai sa, ya sa ta gaba da ta tsuntsu."