Sunan Hamad a Takardar Agaji

Da Tijjani mai shago ya leƙo ƙofar bene yana ƙwala kiran Awadiyya, ta ɗauka busasshiyar kuɓewar da ta ce ya ajiye mata ce ta iso. Ta yafa laffayarta ta sauko ba gaggawa. Shagon Tijjani a unguwar Hayyin Ashir ɗan tsukuku ne, amma babu abin Sudan da ba a samu a ciki, kuma ta hannunsa mutanen gida suke aiko wa 'yan'uwansu kuɗi zuwa Alƙahira. Sai ya miƙa mata waya.

"Yaya Awa?" in ji wata murya.

Mutum ɗaya ne a duniya yake yanke mata suna haka. Ta zauna a kan buhun dawa.

Shekara biyu ke nan da yaƙi ya tashe su daga garin Damazin na Sudan. Mijinta ya rasu a hanya. Ƙanenta Hamad kuwa ya fita neman motar da za ta kwashe su, bai dawo ba. Ta nema har ta gaji, ta iso Masar da 'yarta Rahamatu a hannu, ta dafa abinci ta raba sadaka da sunansa, ta haƙura. Yau ga shi yana magana daga wani ramin haƙar zinariya a arewacin Sudan, inda ya haɗu da wani da ya taɓa ganinta a shagon Tijjani.

"Har sadakarka na yi," ta ce, tana kuka.

"Ashe an ci tuwona ba ni nan," in ji Hamad. Yana dariya. "Na aiko miki da ɗan abin da na samu, Yaya. Ba yawa. Ki saya wa Rahamatu wani abu, ki ce daga kawunta."

Jine dubu ne, kuɗin Masar. Awadiyya ta sayo maganin sikila na Rahamatu, ta sayo bargo mai kauri saboda sanyin Alƙahira ba ya raga wa ƙashin yarinyar, ta yi miyar nama ta kai wa maƙwabta. Kwana biyu tana tafiya a unguwa tana gaisawa har da mutanen da ba su gaishe ta ba.

Dije ce ta fara tuna mata da ofishin agaji. Dije matar wani ɗalibi ce ɗan Katsina, ƙofarsu na kallon ta Awadiyya, kuma Allah Ya yi ta da sanin dokar kowane ofishi a garin nan, har wanda ba ta taɓa shiga ba.

"Maman Rahamatu, ba Talata ce ranar bitarki ba?"

Talata ce. Wata ƙungiyar agaji ce take ba Awadiyya jine ɗari huɗu duk wata, kuma da su take biyan hayar ɗaki. Duk wata shida sai a kira ta a sake tambayoyi. An sa ta a layin matan da ba su da kowa, shi ya sa take samu. Dokar ƙungiyar kuwa a fili take: wadda wani ɗan'uwa ya aiko wa kuɗi masu kauri, a dakatar da nata wata uku, sannan a sake duba lamarinta.

"Wata uku ya fi abin da ya aiko," in ji Dije. "Kin ga kyauta ta zama asara. Saboda haka ki kama bakinki, khalas, shi ke nan. Tijjani ba ya ba kowa rasit. Zauna nan mu gwada, ni ce ma'aikaciya."

Dije ta gyara zama, ta ɗauki murfin tukunya a matsayin fayil, ta ɗaure fuska.

"Kina da wani ɗan'uwa da yake raye?"

"Babu," in ji Awadiyya, tana kallon ƙasa.

"Haba! Wannan babu ɗin ko jariri ba zai yarda da shi ba. Ɗago kai. Yalla, sake."

Sun yi ta sakewa har shayi ya huce. A ƙarshe Dije ta ce tamam, ta iya. Awadiyya ba waliyyiya ba ce, ta san haka. Ta taɓa ce wa mai gidan haya ba ta nan alhali tana bayan ƙofa. Kuma ta san abin da ke gabanta: in haya ta gagara, ita da yarinya mai ciwo za su koma raɓe a falon wasu, a tsakiyar sanyi. Tsoro take ji sosai, kuma ta yanke shawara za ta ce babu.

Ranar Talata Dije ta raka ta. Suka shiga ƙaramar bas, suka karɓi lamba, suka yi zaman jira har azahar. Ma'aikaciyar da ta kira Awadiyya Bamisiriya ce mai tabarau, Ustaza Nirmin, wadda ta san ta tun zuwanta. Ta tambayi jikin Rahamatu, ta tambayi haya, ta tambayi ko tana wata sana'a. Awadiyya ta amsa da Larabcinta na Sudan, komai daidai. Sai Ustaza Nirmin ta juya shafi, ta karanta abin da aka rubuta tun farko.

"Miji, ya rasu. Iyaye, sun rasu. Ƙane ɗaya, Hamad, ya ɓace a yaƙi, ana kyautata zaton ya rasu. Haka yake har yanzu?"

Dije ba ta koya mata wannan ba. A gwajinsu babu wanda ya kira sunansa. Awadiyya ta buɗe baki, kalmar tana nan a kan harshenta, gajeriya, ta faɗe ta sau ashirin a ɗaki. Amma sai ta ji muryar nan tana cewa an ci tuwona ba ni nan. Sau ɗaya ta taɓa binne yaron nan da bakinta, a wannan kujerar, lokacin ba ta sani ba. Yanzu ta sani.

"Yana raye," ta ce. "Ya kira ni. Har kuɗi ya aiko mini, jine dubu."

Ustaza Nirmin ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta goge, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Ya hajja, fankar nan tana da ƙara, ban ji ki da kyau ba. Zan sake tambaya. Ki yi tunani kafin ki amsa."

Awadiyya ta gane alherin da ake yi mata, kuma har ranta ta ji daɗinsa. Ta yi tunanin, kamar yadda aka ce ta yi. Ta tuna mai gidan haya, ta tuna sanyi.

"Allah Ya saka miki, ya ustaza. Ƙanena yana raye. Ki goge wancan."

Ma'aikaciyar ta ce ma'alish, wato ta yi haƙuri, ta bayyana mata dokar wata uku, ta ce za ta rubuta cewa yarinyar tana da ciwo ko za a sassauta, amma ba ta yi alkawari ba. Ta ja layi a kan tsohon rubutun, ta yi sabo. Awadiyya ta roƙi a ba ta kwafin shafin. Ba a saba bayarwa ba, amma aka ba ta.

A bas Dije ta yi faɗa tun daga tashar farko. Duk wahalar da ta sha ta koyarwa ta tafi a banza, ta ce, kuma da ta san haka da ta sha shayinta da zafi. Da suka kusa unguwa faɗan ya ƙare, ta koma lissafa matan ɗaliban da za su so lallen Sudan in Awadiyya za ta riƙa yi, ta ce ita za ta kawo su ko da ja ne. Awadiyya ta san lalle ba zai cika haya ba, Dije ma ta sani.

Rahamatu tana kwance cikin sabon bargo lokacin da uwar ta shigo. Shekararta tara, ta iya karatun Larabci, uwar kuwa ba ta iya ba. Awadiyya ta zauna a bakin katifa, ta warware takardar, ta nuna wajen da aka ja layi.

"Karanta mini abin da ke ƙasan nan."

Yarinyar ta bi da yatsa. "Ƙane ɗaya, Hamad. Yana raye."

"Da kyau," in ji Awadiyya. Ta ja bargon ta rufe mata ƙafa. "Sake karantawa."