Kujerun Ba-Komai

A layinsu an daɗe da manta sunanta na gaskiya. Ba-Komai ake ce mata, domin ita ce maganar da ta fi saurin fita daga bakinta. Ka ari tukunyarta ka dawo da ita babu murfi, ba komai. Ka zo mata ranar albashi da fuskar tausayi, kafin ka gama kame-kame ta buɗe jaka. Shara take yi a wani ofishi mai dogon baranda, ta kuma daɗe tana yi, amma in ka zazzage jakarta a tsakiyar wata, makulli ne kawai zai faɗo.

A ofishin ta samo dabarar. Duk ranar taro, mota ce ke zuwa shaƙe da kujerun roba, a sauke, a jera, manya su zauna su sha surutu. Da yamma mai kujerun ya iso yana tura tumbi, ya karɓi kuɗin haya. Ran nan tana goge su sai ta tsaya da tsumma a hannu tana kallonsa. Bawan Allahn nan ko tsinke bai ɗaga ba, kujerunsa ne suka wuni suna yi masa aiki.

Ta koma gida ta tarar da mijinta, mai gyaran babur, yana dirzar baƙin mai daga hannunsa a bakin famfo.

"Baban yara, yau na gano ciwona," ta ce. "Kuɗi ba sa kwana a wurina saboda suna shiga aljihun kowa. Kujera kuwa ba ta shiga aljihu."

"To, sai aka yi yaya?"

"Duk ranar albashi, kafin in sako ƙafa layin nan, kasuwa zan fara zuwa in mai da abin da zan ajiye kujera. Ranar da suka isa cika mota, na fara ba da haya."

Ya ce Allah ya taimaka, da irin muryar da ake amsa wa yaro in ya ce zai tuƙa jirgi.

Sai ga shi ta ba shi mamaki. Ta daina hawa mota zuwa aiki, ta koma takawa. Takalminta ya sha ɗinki har mai gyaran ya fara gaishe shi kamar tsohon aboki. In ta zo wucewa ta gaban mai yadi, sai ta kau da kai ta ƙara sauri. Masu jiranta a ƙofar gida ranar albashi kuwa sukan hango ta tun daga kwana, ɗauke da fararen kujeru a ka, tana murmushi.

"Wallahi kun makara," takan ce musu. "Ga albashin nan a kaina."

Kujeru suka yi ta hawa kan juna a kusurwar falo, kowace da ledarta. Jeri ɗaya ya kai rufi, aka fara na biyu, aka fara na uku, har dole aka daina kunna fanka don kada ta sare su. Babu mai izinin zama a kai, har da ita kanta. Baƙo ya zo gidan da ya fi kowane gida kujeru a unguwar, a shimfiɗa masa tabarma, ya zauna yana ɗaga kai. Yara suka sa musu suna baƙin Mama, wai ba sa ci ba sa sha, amma sun ƙwace falo.

Abu ɗaya ne Ba-Komai ba ta lissafa ba. Gaskiya ne kujera ba ta shiga aljihu, amma ba ta da nauyin ɗauka. Wata safiya maƙwabciyarta ta leƙo, wai dangin mijinta za su zo, a taimaka mata da ƴan kaɗan zuwa yamma. Kafin Ba-Komai ta yi tunani, bakinta ya riga ya amsa. Sai bayan kwanaki kujerun suka dawo, duk maiƙo, ɗaya kuma da karyayyar ƙafa.

"Yara ne, kin san halinsu," in ji maƙwabciya.

"Ba komai," ta ce, ta shiga ɗaki ta sha kuka.

Mijinta ya ɗaure ƙafar da waya daga garejinsa. A lokacin ya daina ɗaukar abin da wasa, domin ya ga yadda ƙafafunta suka kumbura da tafiya kafin a sayi kujerar.

"Maman yara, ki ji gaskiya," ya ce. "In layin nan suka saba, to su kika yi wa wahala. Sayen kujera kin iya. Saura ki iya buɗe baki ki ce na haya ne."

Suka fara gwaji. Ya yafa tawul a ka, ya fita, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo yana maƙale murya.

"Ƴar uwa, baƙi ne suka faɗo mini, ko kujera biyu..."

"Na ha... to, biyu dai ko?"

Yara suka kwanta a ƙasa don dariya. Mutum da gemunsa da tawul a ka, amma ta kasa hana shi. Ita ma ta yi dariya har da hawaye, sai dai abin ya tsaya mata a rai. Daga ranar, in tana share barandar ofis, kowace jan tsintsiya sai ta ce a hankali, na haya ne. Ta faɗa wa bokiti, ta faɗa wa tagogi, ta faɗa wa kujerar shugaban ofis in ba ya nan.

Kujeru suka isa cika mota. Tana ta addu'ar Allah ya kawo baƙon ido, wanda ba ta jin nauyinsa, ta fara da shi. Sai Allah ya kawo mata Yaya.

Yaya shi ne babban wanta, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya saya mata takalmin makaranta na farko. Yanzu shi ne sakataren ƙungiyar masu shaguna. Ya zauna a tabarma, ya kurɓi ruwa, ya ƙare wa jerin kujerun kallo.

"Auta, kin yi ƙoƙari. Gobe muna da babban taro, zan turo mota a kwashe su duka. Jibi a dawo miki da kayanki."

Ta san in Yaya ya ɗauka kyauta, gobe kawu ne, jibi ƴar gwaggo, kuma babu wanda za ta iya duba idonsa ta hana. Ta waiwaya neman mijinta, ashe ya sulale tsakar gida, wai yana duba tayar babur. Tsohuwar amsarta ta taso har bakin leɓe. Idonta ya sauka kan kujerar da aka ɗaure da waya.

"Yaya," ta ce, "na haya ne."

"Na me?"

"Na haya ne."

"Har ni?"

"Har kai, Yaya. Ka yi haƙuri. In na fara da kyauta, da kyauta zan ƙare."

Ya ajiye kofin, ya sa takalmi, ya fita ko sallama babu. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Tana son Yaya kamar ranta, kuma ta tabbata ta sayar da zumunci a kan roba.

Washegari da safe ƙarar mota ta cika layin. Ta leƙa, sai ga Yaya yana saukowa daga gaba, fuska a murtuke, ambulan a hannu. Ya miƙa mata.

"Ungo. Dama ƙungiya ta ware kuɗin hayar kujeru. Na so ne su ɗan huta a aljihuna."

Daga tsakar gida aka ji mai gyaran babur ya shaƙe da dariya. Yaya ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi riƙuwa.

"Tun kina ƙarama nake roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ki hana wani abu," ya ce. "Ban dai roƙa ta faɗo a kaina ba. Yaran mota, ku zo ku kwashe, ku bi a hankali, mai su ba ta da wasa."

Ta tsaya a ƙofa tana kallon kujerunta suna tafiya aikinsu na farko, farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Da motar ta sha kwana, ta koma falo. Ashe haka yake da faɗi. Yara suka kunna fanka suna tsalle a ƙarƙashinta. A kusurwa saura kujera ɗaya, mai ƙafar waya, wadda ba ta cancanci haya ba.

Ta jawo ta tsakiyar falo, ta goge da gefen mayafi, ta zauna a hankali. Wayar ta riƙe. Ta jingina, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora ambulan a cinya. Tunda ta fara sayen kujeru, yau ne ta fara jin yadda zama a kansu yake.

Sai ga maƙwabciya ta leƙo.

"Ƴar uwa, na ga an kwashe. Ko wannan ɗayar ce ki ara mini, baƙo na yi."

Ba-Komai ta gyara zama, ta yi mata murmushi mai kyau.

"Ayya," ta ce, "ina kai."