Tumatirin Baba a Ɗakin Takaba

Baba ya rasu ya bar mana irin tumatir a gwangwanin madara. Ƙanana ne masu tsami, kakansa ya fara shuka su a lambunmu na Onklou, kuma ba wanda ke da su yanzu sai mu. Shekara biyu yana ciwo bai shuka ba. Ni da nake karatun noma a jami'a a Parakou na san idan damina ta sake wucewa, irin ya mutu.

Inna Memuna ma ta sani. Amma tana takaba a Djougou, wata huɗu da kwana goma, ga Gwaggo Bilkissou, yayar Baba, ta kafa kujera a bakin ƙofa. Liman ya ce Inna tana iya zama a tsakar gida. Gwaggo ta ce liman bai san gidansu ba, a nan mai takaba ɗaki take zama. Raina ya ɓaci har na yi rantsuwa a waya cewa ranar da Inna ta fita, a ranar zan ɗauke ta mu koma Parakou, kada ta ƙara kwana a gidan.

Inna ba ta yarda ta ba kowa irin ba. Ta sa aka ɗebo mata ƙasa a tsohon faranti, ta shuka a ɗaki, ƙarƙashin 'yar tagar nan da ko kan mutum ba ya shiga. Kullum sai ta kira ni tana murna, wai sun tsiro, wai sun kai tsawon yatsa, wai ko a hannun Baba ba su taɓa saurin girma haka ba. Abu ɗaya ke damunta, duk sun karkata wajen taga. Kowace safiya sai ta juya farantin, kafin la'asar sun sake juyowa. Da na ji haka, ranar Asabar na hau mota.

Na same su kamar yadda na ji tsoro: dogaye, sirara kamar zare, farare fat, ganyen bai kai ƙumba ba. Arba'in da uku ne, Inna ta ƙidaya. Ita ma ta yi fari ta rame.

Na zauna na yi mata bayani. Na ce a kan kowane tsiro ake yin wani sinadari da muke kira oksin, yana gangarowa cikin kara. Idan haske ya zo ta gefe ɗaya, sai ya taru a gefen inuwa, gefen ya fi miƙewa, karan ya sunkuya wajen hasken. Idan kuma hasken bai isa ba, tsiro yakan zuba duk abincin da ke cikin ƙwayar a tsawo, ya bar ganye da kauri, ko zai kai inda rana take.

Inna ta kalli farantin.

"Wato ba lafiya ce ta sa su tsawo ba," ta ce. "Hanyar fita suke nema."

Na ce haka ne. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na sunkuci farantin, na wuce ta gaban Gwaggo ko kallonta ban yi ba, na ɗora shi a kan katanga inda awaki ba sa kaiwa. Inna ta ce daga ciki, "Mubina, ranar ba ta yi ƙarfi ba?" Na ce rana suke so, ni na karanta.

Na karanta ɗin, amma na manta rabin darasin. Tsiron da ya tashi a duhu fatarsa ba ta da kauri, sai an saba masa da rana kaɗan-kaɗan. Da na dawo daga gaishe-gaishen dangi bayan azahar, sun kwanta a kan ƙasa kamar an zuba musu ruwan zafi. Bakwai suka rage, waɗanda inuwar mangwaro ta rufa wa asiri. Kunya ta kama ni, na tsaya a tsakar gida ina kuka.

Inna ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta tambaye ni ko waɗanda suka miƙe za su koma gajeru. Na ce a'a, sai dai a binne karan har wuya, zai fitar da sabbin saiwoyi. Muka raba su a gwangwani bakwai, ta jera su a bakin ƙofa ta ciki, inda rana ke leƙowa awa ɗaya da hantsi. Ta ce gobe za ta matsa da su taki ɗaya. Saura mata kwana sittin da takwas.

Ina ɗaura jakata ta kira ni, ba ta ɗago daga kan gwangwanayen ba.

"Ranar da na fita," ta ce, "har yanzu a ranar za ki kai ni Parakou?"