Idon Raga

Yande ta shimfiɗa raga biyu a kan teburin ɗinkinta, ta danne su da almakashi saboda iskar kogin Salum.

"Zaɓi mana, Jegan. Tun safe kake shafa su kamar mai zaɓen zanen amarya."

Jirgin ruwan Jegan mai ciki biyu ne, kamar kwalekwale biyu a haɗe, a tsakaninsu ake ɗaura ragar da baƙi ke kwanciya a kai, rana kuwa ta cinye tsohuwar ragar. Amma ba don baƙi yake wannan dogon tunani ba. Mahaifinsa, Pa Ngor, ya shekara hamsin yana kamun kifi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara bai ƙara furta kalma ba, kuma Jegan na kewar muryarsa, har da faɗan. So yake ya kai shi teku, ko bakin zai buɗe.

"Mai ƙananan ido laushi gare ta, kamar katifa," in ji Yande. "Mai manyan ido tana cin baya, amma ruwa na wucewa."

"Ba ni mai laushin. Bayan tsoho ba ya son wahala."

Pa Ngor na gefe a keken guragu. Sai ga hannunsa mai lafiya ya miƙo a hankali, ya tsallake mai laushin, ya zura yatsu a idon ɗayar. Ya ƙi saki.

Yande ta kwashe da dariya. "To, Baba ya yanke hukunci. Kai ɗauko igiya."

Jegan da kansa ya ɗaura ta.

Da hantsi suka fita. Ya kwantar da tsohon a kan ragar, ya gicciye shi yadda zai ga ƙasa. Ruwa kore shar na gudu a ƙarƙashinsu, inuwar ragar na rawa a kai, har Jegan ya rasa ko jirgin ke tafiya ko kogin. Da suka kai bakin teku, igiyar ruwa ta ɓullo ta idanun ragar, ta fesa wa Pa Ngor a fuska. Ya lashi gishirin. Yatsunsa suka bi gefen ragar suka tsaya a kan wani ƙulli, leɓensa na motsi.

Jegan ya durƙusa kusa da shi. "Na'am, Baba?"

Muryar ta fito a dusashe.

"Wane sakarai ne ya yi wannan ƙulli?"