Shagon da Ya Yi Shiru

"Wannan ne aikin? Ko makaho aka ba guduma ai ya fi haka!"

Dogo ya sa ƙafa ya ture bencin. Gajere, wanda ya kwana biyu yana fama da shi, ya miƙe tsaye. Ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya zuba kayan aikinsa a jaka ya fita. Sauran kafintocin biyu suka dubi juna, su ma suka bi bayansa. Shago ya yi tsit.

Tun da ciwo ya kwantar da Baba, mai shagon, aka damƙa wa Dogo riƙo. Wajen iya aiki kam babu kamarsa, kuma maƙwabcin Baba ne, ƙofa na kallon ƙofa. Amma baki! Allah ya ba shi hannu, ya hana shi daɗin baki. Bai gama hucewa ba Auta, 'yar Baba, ta leƙo.

"Yaya Dogo, Baba na kira."

Ɗakin Baba bango ɗaya ne da shagon. Da kansa ya sa aka ja gadonsa aka jingina da bangon, ya ce ya fi jin sauƙi a nan. Dogo ya tarar da shi ya rame, kwalaben magani jere a kan taga, kunnensa kusa da bango.

"Na ji gudumar Gajere ta yi shiru," in ji Baba.

"Ya tafi. Aikin banza ya yi, Baba, na faɗa masa gaskiya."

"Ƙafa ɗaya ce ta karkace, na ji lokacin da zarton ya kauce. Sauran ukun fa? Ka ce masa wani abu a kansu?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Haka Baba yake tun yana da lafiya. Ko ya juya baya ya san bugun kowa. Sai ka ji ya ɗaga murya, "Gajere, wannan ƙusa ta shiga da ladabi, madalla!" A yi dariya, wanda aka yaba ya wuni yana aiki kamar an ƙara masa hannu. In gyara ne kuwa, sai ya ja mutum gefe.

"Ni ban iya wannan lallashin ba," Dogo ya ce. "Ni wa ya taɓa yaba mini?"

Baba ya yi dariyar da ta koma tari. "Kai, ja'iri. Sau nawa? Ba ka ji ne, kana can kana neman inda ka yi kuskure." Ya numfasa. "Dogo, na kusa. Ba na son in tafi shagon nan yana shiru. Ka dawo mini da yarana in ji motsinsu."

Washegari da safe Dogo ya tafi gidan Gajere. Duk hanya yana shirya magana, da ya isa ta watse. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Wato... bencin nan. Ƙafafu ukun ba laifi."

"Ba laifi," Gajere ya maimaita. "Wata nawa kana zagina a gaban yara, Dogo? Ni ma fa uban wasu ne."

"Baba ne ke son..."

"To, Baba ne ya aiko ka. Na ɗauka kai ne ka zo." Ya mayar da ƙofa a hankali. Sauran biyun kuwa cewa suka yi sai abin da Gajere ya yi.

Dogo ya dawo ya buɗe shago shi kaɗai. Wallahi bai taɓa jin tsoron shiru irin na ranar ba. Ya dubi bangon, ya san akwai kunne a bayansa. Sai ya ɗauki guduma ya tafi teburin Gajere, ya fara bugu irin nasa, gajeru a jere, sannan ɗaya mai ƙarfi. Ya ruga ɗaya kusurwar ya ja zarto. Ya dawo teburinsa ya buga nasa bugun. Ya ja benci a ƙasa, ya yi gyaran murya, har da 'yar dariyar ƙarya. Babban mutum mai furfura a gemu, yana ta kai da komo a shago yana zama mutum huɗu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Rana ta karkata lokacin da ya ji kuka ta cikin bango. Gudumar ta tsaya a sama. Ya ajiye ta, ya zauna a kan karkataccen bencin.

Can Auta ta shigo, idanunta jawur.

"Ya cika, Yaya."

"Ya ji su? Ya ji sun dawo?"

Ta yi kamar za ta yi masa ƙarya, sai ta fasa. "Tun bugun farko ya gane. Murmushi ya yi, ya ce, 'Dogo ne shi kaɗai, yana kwaikwayon Gajere.' Ya hana ni in tsayar da kai. Ya ce in faɗa maka ashe kana sauraron yaran nan, tunda ka san bugun kowa. Ya ce aikin yau ya yi kyau, ka ji? Sai da ya sa na maimaita, wai kai ba ka ji da sau ɗaya."

Dogo ya rufe fuska da tafukansa. Wannan karon ya ji, kuma ya yi masa ciwo fiye da duk zagin duniya. Ya yi kuka sosai, bai damu da wa ke kallo ba.

Da ya ɗago, akwai mutum tsaye a bakin ƙofa. Gajere ne, da jakar kayan aiki a kafaɗa, ga alama aiki ya zo, kukan ya tare shi a hanya. Dogo ya goge ido da bakin riga, ya matsa gefe. Gajere ya sauke jakar ya zauna kusa da shi, bencin ya ɗan girgiza, sannan ya tsaya.