Kafaɗar Yaya

Shekara goma sha ɗaya Tela yana koyon kareti, kuma duk tsawon shekarun nan da mutum ɗaya yake karawa, wato yayansa Dogo, bakanike mai gyaran janareta. Tare suka ɗaura farar ɗamara, tare suka rarrafo har ta ruwan ƙasa, saura baƙa. Su ba gwanaye ba ne. Irin mutanen nan ne da ke tashi daga aiki su wanke hannu su zo su yi gumi, su koma gida da ciwon gwiwa. In Malam mai horar da su ya ce kowa ya kama abokin karawa, ko duban juna ba sa yi, ƙafa ce ke kai su.

Dogo yana da wata ɗabi'a. Kafin ya kai shuri, sai kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka, kamar mai shirin ɗaukar bokiti. Ga shi da doguwar ƙafa, kullum a kunne shurin ke sauka. Tela ya sha shi har ya gode Allah, daga baya hannuwansa suka koyi darasi da kansu. Kafaɗa na sauka, sai su tashi su rufe kai, ba sai sun yi shawara da shi ba.

Wata safiya Dogo ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, harshe ya yi nauyi. Da aka sallame shi daga asibiti, matarsa ta ajiye masa kujera a bakin taga, nan yake wuni yana kallon masu wucewa.

Ran nan Tela ya sunkuya zai gyara masa matashi, sai Dogo ya sauke kafaɗarsa mai lafiya. Kafin ka ce me, hannuwan Tela suna kan kunnuwansa, matashi yana ƙasa. Dogo ya yi dariya da rabin baki har da hawaye. Rabon da a ji dariyarsa tun kafin ya faɗi.

"Kai jama'a!" in ji matar. "Mutum na zaune ko tsinke bai iya ɗagawa, ƙato kamarka kana kare kunne? Allah ya sawwaƙe, ƙanin miji."

"Ke dai ba ki taɓa shan ƙafar Yaya ba ne."

Daga ranar abin ya zama wasansu. Hira ta gagara, kalma uku sai Dogo ya gaji. Amma kafaɗa tana sauka, hannu yana tashi, a yi dariya. Wata rana bayan dariyar ya riƙo rigar Tela, ya daɗe yana kokawa da harshensa.

"Baƙar ɗamara. Ka kawo min."

"In sha Allahu, Yaya."

A ɗakin horo kuwa Tela ya zama gangar kowa. Aka haɗa shi da Direba, wani gajere mai faɗin ƙirji. Minti biyu ya ishe shi gano lagonsa. Sai ya sauke kafaɗa da gangan, Tela ya rufe kai, shi kuma ya zuba masa naushi a ciki.

"Tela, ka ɗinka wa cikin nan ƙofa mana," in ji Direba. "Kullum a buɗe kamar tasha."

Malam ya ja Tela gefe. "Laifina ne da na bar ku tare. Kai ba kareti ka koya ba, Dogo ka koya. Saura wata uku jarrabawa. In ba ka cire shi daga hannunka ba, kada ma ka zo."

Ya ce gobe ya taho da ƙyalle biyu daga shago. Washegari ya sa masa ɗaya a kowace hammata, ya ce ya matse. In hannu ya tashi a banza, ƙyalle zai faɗi, kowa ya gani. Ya hana shi kallon kafaɗa, ya ce tsakiyar ƙirji zai kalla, don kafaɗa maƙaryaciya ce. Kuma kowane minti biyu sai ya canza abokin karawa.

Makon farko ya fi tsintar ƙyalle fiye da kai naushi. A hankali faɗuwar ta ragu, yau sau goma, jibi sau huɗu. A shago ma da ƙyallen a hammata yake taka keke. A gidan Dogo ne kaɗai hannun ke tashi, ko da yake ya fara nawa. Makonni biyu na ƙarshe zazzaɓi ya kwantar da Dogo, in Tela ya je sai ya tarar yana barci, ya zauna kaɗan ya tafi.

Ranar jarrabawa da Direba aka haɗa shi. Direba ya sauke kafaɗa. Tela na kallon ƙirjinsa, hannunsa na inda yake, ya tare naushin ya mayar masa da nasa. Direba ya ja baya yana shafa haƙarƙari.

"A'a, an sa ƙofa ke nan!"

Da aka ba shi baƙar ɗamara, ko gida bai biya ba, sai gidan yayansa. Ya tarar Dogo ya samu sauƙi, yana kan kujerarsa, rana na dukan gwiwoyinsa. Ya durƙusa ya ɗora masa ɗamarar a cinya. Dogo ya shafa ta da hannun dama, daga wannan baki zuwa wancan. Matar ta fito tana goge hannu, tana cewa yau sai an yi wa ƙanin miji girki na musamman.

Sai Dogo ya ɗago ya dube shi, dariya ta riga ta fara taruwa a gefen bakinsa. Ya sauke kafaɗa.

Hannun Tela bai motsa ba. Da idonsa ya ga abin, sai da ya tuna, sannan ya ɗaga hannuwan ya rufe kunne. Amma shekara goma sha ɗaya Dogo na kallon hannuwan nan, ya san mai tashi da kansa, ya san wanda aka ɗaga.

Matar ta juya ta koma ciki.

"Sake, Yaya," in ji Tela. "Hankalina ne ba ya nan. Sake gwadawa."

Dogo ya girgiza kai. Ya miƙa hannu ya sauke masa nasa daga kunne, ɗaya bayan ɗaya.

"Ka iya," ya ce a hankali. "Yanzu ka iya."

Ya mai da fuskarsa ga taga, ɗamarar na kan cinyarsa. Tela ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, hannuwansa a kan gwiwa, ya rasa inda zai kai su.