Farin Ƙyallen Baba Tuta

"Ba ni farin ƙyallen, Mai Banda," in ji liman daga bakin ƙofa. "Rana tana yi."

Mai Banda ba ta ɗago ba. Tana durƙushe a ɗakin maƙwabcinta, tana gyara mayafin da ta lulluɓe shi da shi, ko da yake babu sauran abin gyarawa. Baba Tuta ya cika da hantsi. Kofin ruwan da ta kawo masa yana nan a gefen tabarma, ko rabi bai sha ba.

"Malam, a yi haƙuri sai jirgi ya iso."

"Jirgi sai azahar. Maza duk suna kan ruwa. Wa zai haƙa kabarin, ni da tela mai ciwon baya?"

Liman bai faɗi ƙarya ba. A tsibirin nan waya ba ta kamawa sai mutum ya hau kan dutse ya yi ta juyi kamar mai cigiyar akuya. Shi ya sa da ƙyalle ake magana da na kan ruwa. Akwai doguwar gora kafe a bakin gaɓa, da igiya a jikinta. In an ɗaga ja, iska na tafe, kowa ya naɗe komarsa. Kore na ranar Laraba ne, ranar da jirgin inji ke zuwa daga ƙetare, yana cewa gari lafiya. Fari kuwa rashi aka yi, masunta su juyo gida. Shekara arba'in hannu ɗaya ke jan igiyar nan, har sunan yankan mutumin ya ɓace, yaro da babba sai Baba Tuta.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Mai Banda, ita ma ta zube rabi. Kullum ta hura wutar ƙyafe kifi sai ya leƙo yana tarin ƙarya.

"Maƙwabciya, hayaƙin nan naki zai mayar mini da fari baƙi. Mutane su rasa mutuwa aka yi ko gobara."

"Bar shi, ranar taka ni zan wanke shi tas," takan ce.

Su yi dariya. Da wa za su yi in ba da juna ba? Makaranta ta rufe tun da malami na ƙarshe ya hau jirgi da katifarsa. Samari da 'yan mata duk Laraba ce ke kwashe su, jaka ɗaya a kafaɗa, da alkawarin dawowa in abubuwa sun daidaita. 'Ya'yan Mai Banda maza biyu haka suka tafi. Autar Baba ma haka, tana aikin jinya a wani asibiti can ƙetare, rabonta da gida shekara shida. Da jikin tsohon ya rikice, Mai Banda ta hau dutsen nan da gwiwarta mai ciwo ta kira ta. Muryar tana yankewa, amma ta ji abin da take son ji: "Goggo, Laraba ina tafe."

Jiya da la'asar ya sa ta buɗe akwatinsa ta ɗauko farin ƙyallen.

"Riƙe a wurinki. In na riga jirgi, kada a ɗaga sai ta taka ƙasa."

"Kai dai ba ka gajiya da zancen banza. Sha ruwa."

"Ke kin san abin da nake nufi."

Ta sani kuwa. Shekara tara ke nan, tana dawowa daga kasuwar ƙetare da kwandunanta, aka hango fari a kan gora. Daga inda ake fara hango gorar zuwa gaɓa tafiyar awa guda ce. Jirgin ya yi tsit, kowa na lissafa nasa a zuci. Ta lissafa tsohuwarta, ta lissafa 'ya'yanta, har ta kama kanta tana roƙon Allah ya sa na gidan wani ne, tana kallon matar da ke kusa da ita, wadda ita ma abin da take roƙo ke nan. Da suka iso, ashe mijinta ne. Mutuwar ta daɗe da yi mata sauƙi, amma awar nan har gobe ba ta sake ta ba.

"Da hannuna na ɗaga miki shi," in ji Baba jiyan. "Ban manta fuskarki ba da kika sauko. Ba na so a yi wa Auta haka."

Yanzu ƙyallen yana soke a ƙugunta, ƙarƙashin zani. Ta gaya wa liman abin da Baba ya roƙa.

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce, Malam."

Ya shafa gemu, ya sauke numfashi. "To. Bari mu fara tonawa ni da tela. Kafin mu kai gwiwa ai jirgin ya zo."

Sai bayan ya tafi ta tuna cewa gora babu komai ita ma magana ce. Tun da Auta ta yi wayo ba ta taɓa ganin Laraba babu kore ba. Mai Banda ta ɗauki koren daga ƙusar da yake rataye, ta ja ƙyauren ɗakin, ta gangara bakin ruwa. Ta ɗaura, ta ja igiya. Ƙyallen ya hau, ya hau, da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak. Ta ja har tafin hannunta ya yi ja, ya ƙi. Ta haƙura, ta ƙulle igiyar irin ƙullin da take yi wa kwandon kifi, ta zauna a kan kifaffen kwale-kwale.

Ba ta taɓa yin ƙarya mai tsawon wannan ba, ƙarya a sama, duk mai ido na gani. Can nesa masunta suna ta jefa koma, hankali kwance, ba su san mai kiran su gida ya tafi ba. Kewa ta taso mata, ta Baba, ta mijinta, ta yaran nan biyu da duk Laraba take fakewa da sayar da kifi don ta duba ko suna cikin masu sauka. Ta yi tunanin ranar tata. Wa zai riƙe mata fari sai sun taka ƙasa, in ma sun taso?

Ana gab da azahar ta ji ƙugin inji. Auta ce a gaba, ta yi ƙiba kaɗan, jaka a kafaɗa, a hannu kuma sabuwar igiya shuɗiya a naɗe. Ba ta jira an gama ɗaure jirgi ba ta diro cikin ruwa da takalmanta. Mai Banda ta miƙe. Auta ta dubi fuskarta.

"Goggo, yaushe?"

"Da hantsi, 'yar nan. Bai wahala ba. Yana ta tambayar ko an ji inji."

Auta ta ɗaga kai ta dubi koren da ke rataye a rabin gora.

"Igiyar takan sarƙe a tsakiya, sai an karkaɗa ta hagu. Daga ni sai shi muka sani. Tun daga nesa na ga ba hannunsa ba ne." Ta juyo wajen Mai Banda. "Amma kore ne, Goggo. Sai na ce wa raina, yana kwance ne ya aiko wani. Da wannan na ƙaraso."

Mai Banda ta zaro farin daga ƙugunta. Ta ce za ta wanke shi tas, ga shi ba ta samu ta wanke ba, gefensa ɗaya duk baƙin hayaƙinta ne. Auta ta ajiye sabuwar igiyar a kan yashi, ta kwance ƙullin kwandon, ta sauke koren. Ta ɗaura farin, ta ja, da ya kai tsakiya ta karkaɗa hagu sau ɗaya, ya wuce har ƙololuwa.

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon ruwa. Da farko babu abin da ya motsa. Can sai kwale-kwale ɗaya ya juya hancinsa, sannan na kusa da shi, sannan wani. Da Baba yana saurayi, in ya ɗaga fari, ruwan nan baƙi yake yi da jirage. Yau guda tara ne, suna tahowa a hankali a jere, babu mai wuce wani.